Ƙwaƙwalwa da Baiwar Harshe a Ƙasar Noman Rani

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu lacca da marubuta littattafan ƙarfafa gwiwa, wadda a 'yan shekarun nan ta shigo wayoyin jama'a cikin harshen Hausa, cewa wai ɗan Adam kashi 10 cikin 100 kacal na ƙwaƙwalwarsa yake amfani da shi, sauran kuwa yana nan a kulle yana jiran wanda zai buɗe shi. Masana sun daɗe da yin watsi da wannan zance, domin na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a lokacin da take aiki sun nuna cewa babu wani yanki nata da yake zaune ba aiki, ko mutum yana farke ko yana barci. A matsakaici ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo 1 da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake tatsa daga abinci, kuma da wuya hankali ya karɓi cewa jiki zai riƙa ciyar da gaɓa mai tsada haka alhali mafi yawanta ba ya tsinana komai. Ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a ƙasar Burazil a 2009 ta nuna cewa tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda su ne ƙananan halittun da ke karɓar saƙo su miƙa shi gaba, kuma kowace ɗaya tana iya haɗuwa da dubban 'yan uwanta.

Duk da kuskuren lissafin, maganar tana lalube ne a kusa da wata gaskiya. Mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya ba a gama ƙayyade su tun daga haihuwa ba. Suna ƙaruwa, suna yin ƙarfi, ko kuma su yi rauni su ɓace, gwargwadon abin da mutum yake ji da gani da maimaitawa, kuma wannan hali shi masana suke kira sauyuwar ƙwaƙwalwa. A nan moriyar da ba a gama ci ba take, kuma babu fagen da ya fi bayyana ta kamar harshe. Yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano ya isa misali ta fuska biyu, domin a cikinsa ana ganin irin nauyin da ƙwaƙwalwar talaka take ɗauka kullum ba tare da an yaba mata ba, ana kuma ganin wuraren da baiwar take zubewa tun kafin ta nuna.

Binciken mazaunin harshe a ƙwaƙwalwa ya faro ne daga gadon asibiti. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci a birnin Faris wanda yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa, kuma da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa sai aka tarar da lahani a gaban ɓarinta na hagu. A 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana wasu majinyata da maganarsu take zuba ba gargada amma ba ta da ma'ana, su ma kuma ba sa gane abin da ake gaya musu, lahaninsu yana can baya kaɗan, kusa da kunnen hagu. A yau an san cewa harshe ya wuce waɗannan wurare biyu, aiki ne na sassa da yawa da ke haɗe da juna, amma dai a wajen mafi yawan mutane ɓarin hagu ne yake riƙe da ragamarsa. Wannan bayani yana da amfani a kowane ƙauye, domin shi ne yake fayyace dalilin da ya sa dattijon da hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa maganarsa take ɗaukewa tare da hannu da ƙafa, kasancewar ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa ɓarin dama na jiki. Irin wannan majinyaci hankalinsa bai gushe ba, kuma idan aka gaggauta kai shi asibiti, aka kuma ci gaba da yi masa magana cikin haƙuri ana ba shi lokacin amsawa, wani ɓangare na maganar yakan dawo, saboda sassan da suka tsira suna iya koyon ɗaukar wani abu daga aikin waɗanda suka lalace.

Abin da ya fi ban mamaki yana faruwa ne a farkon rayuwa. Jariri yana jin amon muryar mahaifiyarsa tun a watannin ƙarshe na ciki, kuma yana zuwa duniya da kunnen da zai iya rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna a ƙasar Kanada cewa jariran gidajen da ake jin Ingilishi, 'yan wata 6 zuwa 8, suna bambance wasu baƙaƙen harshen Hindi da iyayensu ba sa iya bambancewa, amma kafin su cika shekara wannan iyawa ta ragu ƙwarai, domin ƙwaƙwalwar ta riga ta karkata ga sautukan da take ji a gida. Jaririn da aka goya zuwa bakin gona a Bunkure irin wannan tacewa yake yi a bayan uwarsa. Kafin ya furta kalmarsa ta farko ya riga ya fara ware k da ƙ, da b da ɓ, da d da ɗ, bambancin da yake raba kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, wanda baƙon da ya koyi Hausa da girmansa yakan shekara da shekaru yana fama da shi. Bayan wannan ga tsawon wasali, ga karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su. Kalmar da ake rubutawa fari tana iya nufin launi, ko ɗaukewar ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko farkon abu, kuma yaro ɗan shekara 5 a Kura ba ya rikita su a baki ko a kunne, ko da yake babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa akwai wani abu wai shi karin sauti.

Nahawun da yaron yake haɗiyewa a waɗannan shekaru ya fi haka zurfi. Jam'in suna a Hausa ba hanya ɗaya yake bi ba, shi ya sa gona take zama gonaki, rijiya rijiyoyi, kwando kwanduna, manomi manoma, ƙauye kuma ƙauyuka, kuma idan yaro ya yi kuskure ya ɗora tsarin wata kalma a kan wata, kuskuren nasa shaida ne cewa ƙa'ida yake haƙowa daga abin da yake ji, ya wuce kwaikwayo tsagwaronsa. Aikatau kuwa, wato kalmar da ke nuna aiki, yana sauya ƙarshensa ya sauya ma'ana ta hanyar da masanin nan F. W. Parsons ya tsara zuwa aji 7 a 1960, kuma duk wanda ya tsaya a kasuwar tumatir zai ji su suna gilmawa cikin minti ɗaya: wani ya sayi kwando goma, wani ya sayo daga gona, wani attajiri ya saye duk abin da aka kawo, manomi ya sayar, a ƙarshe a ce kaya ya sayu. Littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya wallafa a 2000 ya haura shafi 700, kuma mafi yawan ƙa'idojin da ke cikinsa yaron da bai shiga aji ɗaya ba yana aiki da su daidai. Har wasa yara suke yi da wannan ilimi, domin zaurance, inda ake cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma ko a juya su don a ɓoye zance, ba ya yiwuwa sai ga wanda ƙwaƙwalwarsa take yanka magana gaɓa-gaɓa cikin saurin da ya fi ƙiftawar ido.

Ƙasar Kura ta daɗe da sabawa da baƙin harsuna. Tun a ƙarni na 19 marinanta suka yi suna wajen turkuɗi, baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa da baba a buga shi, wanda fatake suke kai wa Buzaye har cikin Sahara, kuma ciniki irin wannan ba ya ƙulluwa sai da mutanen da ke jin bakin juna. Zamanin noman rani ya faɗaɗa wannan cuɗanya. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a lokacin mulkin Gwamna Audu Bako, aka tsara kashin farko na aikin ban-ruwa ya shayar da kimanin hekta 22,000, sannan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi kula da shi. Da ruwan kanal ya iso sai shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara suka jawo 'yan ci-rani da 'yan ƙwadago da direbobi da fatake daga kusa da nesa.

Wanda yake son ganin ƙwaƙwalwa a bakin aiki ya lura da dillali a kasuwar Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir. Da manomi Hausa yake yi, cikin ladabin ciniki na albarka da sallamawa. Idan ya juya ga mai saye da ya zo daga kudu sai ya koma Turancin buroka, ya tsarma 'yan kalmomin Yarabanci ko Ibo da ya tsinta, musamman na ƙirga da gaisuwa. A lokaci guda wayarsa tana kunne yana jin yadda farashi ya kwana a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma a ransa yana riƙe da kuɗin kowane kwando da la'adarsa da kuɗin dako da na mota, ba biro ba takarda. Da an kira salla kuma bakin nan ya koma Larabci. Bafulatanar da ke sayar da fura da nono a gefen titi ita ma da Fulatanci ta baro ruga, da Hausa take ciniki. Babu ɗayansu da zai kira kansa mai ilimin harsuna, alhali abin da suke yi aiki ne mai nauyi, domin bincike ya nuna cewa harsunan da mutum ya iya duk a farke suke a ƙwaƙwalwarsa, kuma duk sanda zai yi magana sai ta zaɓi ɗaya ta danne sauran.

Wasu masana suna ganin wannan motsa jiki na kullum yana barin alheri har tsufa. Binciken da Ellen Bialystok ta jagoranta a birnin Toronto a 2007 ya gano cewa alamun gigin tsufa sun makara da kimanin shekara 4 a wajen majinyatan da ke jin harshe biyu, wani kuma da Suvarna Alladi ta jagoranta a Haidarabad ta Indiya a 2013, a kan majinyata 648, ya sami tazarar shekara 4 da rabi, har a cikin waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba. Akwai wasu binciken da ba su ga wannan tazara ba, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki yawan harsuna a matsayin rigakafi tabbatacce. Abin da aka fi yarda da shi shi ne cewa tsoron da wasu iyaye suke yi, na cewa harshe biyu ko uku zai rikita yaro ko ya jinkirta masa magana, ba shi da tushe.

Tsangaya ita ce ɗayan wurin da wannan baiwa take bayyana, kuma da wuya a sami gari a yankin da babu makarantar allo. Yaro yana farawa da babbaƙu, wato sanin haruffa, ya wuce farfaru inda ake ɗora musu wasula, sannan ya shiga rubuta allo da wankewa har ya kai ga sauka, wanda ya ɗore kuma ya koma tilawa da hadda, ya tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, mai rabo ya zama alaramma ko gwani. Alƙur'ani izu 60 ne, sura 114, aya fiye da 6,000, kalmomi fiye da 77,000, cikin harshen da ba shi aka haifi mahaddacin da shi ba, kuma alaramma yana iya zama da tawada da alƙalami ya rubuta shi daga ka, gwani kuwa har ya san wuraren da ayoyi suke kama da juna da inda suka saɓa da harafi ɗaya. A Landan, Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa direbobin tasi, waɗanda sai sun haddace tituna kusan 25,000 ake ba su lasisi, ɓangaren baya na wani sashe na ƙwaƙwalwarsu da ake kira hifokamfus, mai kula da tuna wurare, ya fi na sauran mutane girma, kuma binciken da ya biyo baya a 2011 ya tabbatar cewa horon ne ya haifar da girman. Darasin da ke ciki ya shafi kowane irin horo mai tsawo: ƙwaƙwalwa tana ginuwa ne a kan abin da aka ɗora mata. Abin takaici ne ƙwarai a ce saurayin da ya yi gagarumin aikin hadda ana lissafa shi a wasu takardu cikin marasa ilimi. Haka kuma gaskiya ne cewa hadda daban, fahimtar ma'ana daban, rubuta wasiƙa ko lissafin gona kuma daban, kowanne yana neman nasa horon, sai dai tazarar da ke tsakanin gardin da ya san haruffan Larabci da karanta Hausa cikin ajami gajera ce ainun, kuma rashin cike ta asara ce da ake iya kauce wa.

Ƙasar da ke ƙarƙashin kanal a yau tana nan tun kafin a gina Tiga, da albarkarta, amma da rani a bushe take kwana har sai da aka kawo mata ruwa, kuma kowane manomi ya san cewa shukar da ta rasa ruwa a lokacin da take buƙatarsa ba ta cika murmurewa gaba ɗaya ko an malala mata shi daga baya. Haka lamarin ƙwaƙwalwar yaro yake. Masana lafiya suna ba da muhimmanci ga kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, domin a nan ne ƙwaƙwalwa take girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yawan buhunan shinkafa a sito ba ya tabbatar da cewa kwanon yaro yana samun ƙwai da wake da kifi da zogale, ko gishiri mai sinadarin aidin, wanda rashinsa yana cikin manyan abubuwan da ke daƙile ƙwaƙwalwa a duniya. Ruwan ban-ruwa kuma yana zuwa da nasa larurori: kwantaccen ruwa yana haifar da sauro, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, dodon koɗin da ke cikin kanal yana ɗauke da ƙwayar tsargiya wadda take rage wa yaran da ke wanka a ciki jini, ga kuma maganin feshi, wanda yawancin nau'o'insa jijiyar ƙwaro suke kashewa, kuma ba su da kyau ga mai ciki da ƙaramin yaro.

Bayan abinci da lafiya sai hira. A 2003 Patricia Kuhl ta nuna a Amurka cewa jarirai 'yan wata 9 da aka zaunar da su sau 12 tare da masu jin Sinanci sun riƙe sautukan harshen, amma waɗanda aka kunna musu darasin a talabijin ba su ƙaru da komai ba, abin da ya kamata ya tsaya a ran duk wanda yake miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Wani binciken na 2018 a kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6 ya gano cewa yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba, ya faɗa a amsa masa, a tambaye shi ya ba da amsa, ya fi yawan kalmomin da ke wucewa ta kunnensa alaƙa da ƙarfin aikin yankin Broca. Mafi ƙarfin hujja ta fito ne daga Jamaika, inda a tsakiyar shekarun 1980 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka riƙa tura ma'aikatan lafiya gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, kuma da aka bi sawun yaran bayan shekara 20 sai aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Gidan Bahaushe yana da jari a nan wanda ba kowace al'umma take da shi ba. Ko inda alkunya ta sa uwa take kawar da kai daga ɗan fari, akwai kaka da ke tsokanar jika da wasa, akwai goggo da inna da yayye, akwai tatsuniya da kacici-kacici da dare, kuma duk waɗannan karɓa-karɓar magana ce tsantsa. Abin da ke yi musu barazana shi ne ɗaukar da ake yi cewa jariri bai san komai ba balle a yi masa zance, da kuma gajiyar matan da suke wuni a wajen tsinkar tumatir ko turara shinkafa.

Yaron da aka haifa kurma, ko wanda sanƙarau ya tafi da jinsa, kamar yadda ya faru da yara da dama a annobar 1996 a Kano, shi ne wanda aka fi zalunta da rashin sani. Ƙwaƙwalwarsa tana da cikakkiyar baiwar harshe, hanyar shigarsa ce kawai ta koma ido da hannu. A ƙasar Nikaraguwa, da aka tara yara kurame a makaranta ɗaya a birnin Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka ƙirƙiro sabon harshen hannu mai nahawunsa, ƙananan da suka zo daga baya suka ƙara masa tsari. A ƙasar Hausa ma akwai maganar hannu tun da daɗewa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, akwai kuma makarantar Tudun Maliki da ke koyar da kurame. Yaron da aka bari a gida ba harshen baki ba na hannu har ya girma, shi ne wanda lokaci yake ƙure wa, don haka haɗa shi da sauran kurame da wuri ya fi kowace irin jinya muhimmanci.

Sai kuma makaranta, inda yaro yake isowa da nahawun Hausa cikakke a kansa, a tarbe shi da allon da aka cika da Ingilishi. Magana ɗabi'a ce da ke tsirowa da kanta, karatu kuwa ƙirƙira ce da ba ta wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba a tarihin ɗan Adam, saboda haka sai an koya wa ƙwaƙwalwa ta ɗaure siffar harafi da sautin da ta riga ta sani, kuma wannan ɗauri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan sautin na harshen da yaron yake ji ne. An gwada wannan a Najeriya tun 1970, lokacin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara 6, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a azuzuwan farko, a 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa shi zuwa shekara 6, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke tsarin da komawa Ingilishi. Babu mai musun cewa ɗan manomin Kura yana buƙatar Ingilishi, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake cike takardun banki, amma hujjojin da ake da su suna nuna cewa wanda ya fara iya karatu da harshensa shi ya fi saurin kama na biyu. Hausa ma ta fi yawancin harsunan ƙasar shiri, tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da ƙamusoshi da jarida tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Inda gizo yake saƙa shi ne ƙarancin malaman da aka horar su koyar da karatu da ita, da littattafan da yaro zai riƙe a hannunsa, a nahiyar da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 a ƙasashen kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara 10.

Manya ma ƙofa ba ta rufe musu ba. Wani bincike na 2018 da ya tattara amsoshin mutane kusan 670,000 ya nuna cewa ƙarfin koyon nahawun sabon harshe yana nan da ƙwarinsa har wajen shekara 17 kafin ya fara raguwa, raguwa kuma ba ƙarewa ba ce. Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a Burazil da Fotugal a 2010, suka ga cewa waɗanda suka koyi karatu da girmansu su ma wani yanki a ɓarin hagu ya koma gane haruffa, kamar na waɗanda suka koya tun suna yara. Ƙasar Hausa ta san wannan a aikace tun kafin na'ura ta nuna shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da matan da ake kira jaji, masu jagorantar ƙungiyar 'Yan Taru, suna kai ilimi ga matan ƙauye ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi.

A yankin ban-ruwa buƙatar karatun manya ta shafi lafiya da aljihu kai tsaye. Tun bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta tilasta wa manoma yawaita feshi, manomi yana yawan riƙe kwalbar da aka rubuta adadin da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin tsinka, da matakan kariya, duk da Ingilishi cikin ƙananan haruffa, sai ya dogara da abin da mai shago ko maƙwabcin gona ya gaya masa. Mutumin nan kuwa yana riƙe da sunayen irin shinkafa da halin kowanne, da ranakun da ruwa yake zuwa sashensu, da bashin taki na shekarar bara, kuma mai yiwuwa ya yi shekaru a gaban allo. Da kamfanonin da ke sayar da magani da iri za su buga bayaninsu da Hausar boko da ajami, kamar yadda wasu takardun naira suka daɗe suna ɗauke da adadinsu cikin ajami, da manoma masu yawa sun karanta da kansu tun daga ranar farko. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda dama suke tara manoman kowane sashe don yashe kanal da karɓar kuɗin ruwa, suna da rajistar mambobi da wurin zama da lokacin taro, kuma waɗannan su ne abubuwan da ajin karatun manya yake fara nema kafin malami da allo.